MAWAƘIN DA YA FANSHI GIDAN DA AKA ƘWACE WA UWARSA

A garin Fayetteville, cikin Jihar Karolina ta Arewa ta ƙasar Amurka, akwai wani ɗan madaidaicin gida a bakin wata hanya da a ke kira Forest Hills Drive, lambarsa 2014. In baƙo ya wuce ta gabansa ba abin da zai sa ya waiwaya, gama irinsa sun yi dubu a garin. Amma sunan gidan nan ya game duniya, sabo da wani yaro da ya tashi a cikinsa, aka ƙwace gidan yana ji yana gani, ya tafi ya yi suna ya yi kuɗi, sa'an nan ya komo ya fanshe shi. Yaron nan shi ne Jermaine Cole, wanda a ka fi sani da J. Cole, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan gambarar zamani na Amurka.

Wannan gambara, wadda su can su ke kira rap, baƙar fatar birnin New York ne su ka ƙago ta wajen shekarar 1973. Mawaƙi ba ya rera ta kamar sauran waƙa, sai dai ya riƙa jero magana da sauri bisa kiɗa, yana sarƙa kalmomi, yana yabon kansa, yana yi wa abokan hamayya zambo da habaici. Wannan ne ya sa mutanenmu su ka laƙa mata sunan gambara. Galibin masu yin ta ba su da zance sai na kuɗi da motoci da sarƙoƙin zinariya. Abin da ya sa mu ka ɗauko labarin Cole kuwa shi ne, ya sami duk waɗannan abubuwa, sa'an nan ya tsaya gaban jama'a ya ce bai iske abin da ya je nema a cikinsu ba. Muna so mu duba ko maganarsa tana da kan gado, ko kuwa zancen ƙoshi ne kurum.

ASALINSA

An haife shi ran 28 ga watan Janairu 1985 a wani barikin sojan Amurka da ke Frankfurt, ƙasar Jamus. Ubansa baƙar fata ne, soja. Uwarsa Baturiya ce, wadda daga baya ta kama aiki a gidan waya tana raba wasiƙu. Tun yana ƙarami auren ya mutu, uwar ta kwashe shi da wansa su ka zauna a Fayetteville. Sun taɓa zama cikin irin gidan kwanon nan da a ke ja da mota, wanda a can a ke ɗauka mazaunin marasa hali ne. Sai da ya tasa tukuna su ka koma gidan nan na Forest Hills Drive, nan ne fa ya fara samun ɗaki nasa na kansa. A ɗakin ya ke rufe ƙofa ya rubuta waƙa. Da ya kai kamar shekara 15 uwarsa ta ƙuƙuta ta saya masa na'urar haɗa kiɗa, ko da ya ke kuɗinta ya yi wa albashinta nauyi.

Yaron ba ya wasa da karatu. Ya gama sakandare cikin 2003, ya sami sukolashif zuwa Jami'ar St. John's ta New York. Ya zaɓi New York ne don a can manyan kamfanonin faifai su ke. To, yana can yana karatu sai abu ya ɓaci a gida. Al'adar Amurka ita ce mutum ya sayi gida da rancen banki, gidan ya zama jingina, ya yi ta biya wata wata har shekaru masu yawa. In ya kasa biya, banki ya kore shi ya sayar da gidan. Haka ya faru ga uwar Cole. Gidan da ya fara sanin daɗin duniya a cikinsa ya fita hannunsu, shi kuwa ba shi da ko anini da zai tare.

Masu karatu su riƙe wannan, don shi ne tushen labarin duka. Yaron da ya ga an fitar da uwarsa daga gida don rashin kuɗi, ba mai iya gaya masa cewa kuɗi ba kome ba ne.

NEMAN SUNA

Cikin 2007 ya fita jami'a da kyakkyawan sakamako. Bai koma gida ba, ya zauna a unguwar Queens yana ƙananan ayyuka. Ya yi aikin neman talla ga wata jarida, ya kuma yi aikin buga wa mutane waya yana bin su bashin da su ka kasa biya. Dubi ikon Allah, ɗan wadda bashi ya raba da gidanta shi ne ya koma ɗan karɓar bashi! Shi kansa kuɗin haya ya sha gagararsa, sai dai ya yi dace da mai gida mai haƙuri, wanda ya yarda da shi ya ƙyale shi har ya samu. Bai manta da wannan alheri ba, ya ambace shi cikin waƙoƙinsa.

A shekarar nan ne ya je ya tsaya ƙofar wani ɗakin ɗaukar waƙa wajen sa'a uku, yana jiran Jay-Z, wanda a lokacin ba wanda ya kai shi suna a wannan sana'a, don ya miƙa masa faifan kiɗan da ya haɗa. Da Jay-Z ya iso ko karɓa bai yi ba, ya wuce abinsa. Mai haƙuri ya kan dafa dutse. Cikin 2009 Jay-Z ɗin nan ya ji wata waƙarsa, ya aika a ka kira shi, ya zama mawaƙi na farko da ya ɗauka a sabon kamfaninsa mai suna Roc Nation.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe, amma da sharaɗi. Kamfani ya ƙi fitar da babban faifansa sai ya kawo waƙar da gidajen rediyo za su yi ta sawa. Ya yi ta fama har ya yi musu wata mai suna "Work Out". Ta kuwa karɓu, faifan ya fito cikin 2011, ya hau kan dukan faifan Amurka, a ka sayi fiye da 200,000 a makon farko. Amma tun fitar waƙar labari ya iske shi cewa Nas, tsohon mawaƙin da tun yana yaro ya ke manna waƙoƙinsa a bangon ɗaki, ya ji waƙar nan ya ƙi ta. Abin ya soke shi ƙwarai, har ya yi waƙa musamman cikin 2013 yana bayyana kunyar da ya ji. Nas ya mayar masa da amsa mai daɗi, ya ce yana alfahari da shi. Amma darasin ya riga ya zauna: waƙar da ta kawo masa ciniki ita ce ta sa ya ji ya faɗi a idon wanda ya fi ganin girmansa.

Duk da haka bai saki tseren ba. Faifansa na biyu da gangan ya matso da ranar fitarsa, ya sa ta ran 18 ga watan Yuni 2013, don ta zo daidai da ta Kanye West a gwada ƙarfi. Ya zo na biyu a makon farko, a mako na uku ya hau kan gaba.

KOMAWA GIDA

Cikin 2014, yana da shekara 29, ya sayi gidan nan na Forest Hills Drive a kan wajen dala 120,000. Shi ne gida na farko da ya taɓa saya. Ran 9 ga watan Disamba na shekarar ya fitar da faifai, ya sa masa sunan adireshin gidan, hoton da ke bisa bangon faifan kuwa shi ne zaune a kan rufin. Bai gayyaci wani mawaƙi ya taya shi ba, bai kuma saki wata waƙa tun da wuri don rediyo ba, watau ya saɓa duk ƙa'idodin da kamfanoni su ke cewa sai da su a ke ciniki. Sai ga shi an sayi fiye da 350,000 a makon farko, kafin shekara ta kewayo ya wuce miliyan.

A hirarrakin da ya yi da 'yan jarida a lokacin ne ya buɗe cikinsa. Ga taƙaitaccen abin da ya nuna. Tun yana yaro ya ɗaura farin cikinsa ga abin da ke gaba: in na sami kamfani, in faifaina ya fito, in na sayi mota kaza. Kowanne ya samu, daɗin ba ya daɗewa, sai ido ya koma kan na gaba. Ya ga wannan hanya ba ta da maƙura, gama ba wani adadin kuɗi da mutum zai kai zuciya ta ce ya isa. Ya lura yana cikin abin da ya yi shekaru yana roƙo, amma hankalinsa na kan abin da bai samu ba tukuna, har ya yi sakaci da uwarsa da matar da ke tare da shi tun ba shi da kome. Waƙar da ta fi shiga zuciyar mutane a faifan, mai suna "Love Yourz", a kan wannan ta ke, watau mutum ya san darajar abin da ke hannunsa. Mu a nan sai mu ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Bai bar zancen a baki ba. Ya rage ado, ya daina rataya zinariya, ya bar gashinsa ya yi tsawo, har a kan gan shi bisa keke a titunan New York kamar kowa. Ya yi aure bai yi shela ba, sai cikin 2016 labarin ya fita da suɓutar bakin wani abokinsa, sai kuma cikin 2020 ya faɗa da kansa cewa yana da 'ya'ya biyu maza. Tun 2013 ya kan shirya wasa inda kuɗin shiga dala ɗaya ne tak, don waɗanda ba su iya sayen tikiti mai tsada. A farkon 2015 kuma ya bayyana niyyarsa ta ba da gidan nan ga matan da ke riƙon 'ya'ya su kaɗai, su zauna ba haya har su farfaɗo.

ZANCEN ƘOSHI NE?

To, a nan wajibi ne mu tsaya mu saurari masu suka, don suna da hujja. Sun ce abu ne mai sauƙi mai miliyoyi ya hau keke, tun da ya san ran da ya ga dama zai sayi mota goma. Wanda ya hau keke don dole, da wanda ya hau don sha'awa, ba tafiya ɗaya su ke yi ba. Sun ce kuma, da me ya fanshi gidan? Ai da kuɗi ne, ba da wadar zuci ba. Da waƙarsa ba ta karɓu ba, da har yau wani ne a ciki. Haƙiƙa wannan gaskiya ce, kuma duk wanda zai gaya wa mai jin yunwa cewa kuɗi ba su kawo daɗi, ya kamata ya fara ba shi tuwo tukuna. Har cikin 2023 sunan Cole ya fito cikin waɗanda su ka haɗa kuɗi su ka sayi ƙungiyar ƙwallon kwando ta Charlotte Hornets. Mai yin haka bai saki duniya ba.

Amma a ganinmu masu sukan sun ɗora masa maganar da bai yi ba. Bai ce talauci daɗi ne ba, shi da ya ɗanɗana shi. Abin da labarinsa ya nuna shi ne kuɗi suna da aikin da su ke yi, suna kuma da inda su ke tsayawa. Sun biya haya, sun fanshi gida, sun hutar da uwarsa daga yawon raba wasiƙu. Waɗannan duka baƙin ciki ne da kuɗi ke magani. Akwai kuwa waɗansu da ba su magani, ga misali biyu daga rayuwarsa.

Na ɗaya, cikin watan Maris 2016 'yan sanda masu manyan bindigogi su ka fasa ƙofar wani gida da ya kama a wata unguwar masu hali a Karolina ta Arewa, inda shi da abokansa su ke ɗaukar waƙa. An yi zaton miyagun ƙwayoyi a ke sayarwa, don an ga baƙar fata suna shiga suna fita. Ba su sami kome ba sai kayan kiɗa. Kuɗi sun kai shi unguwar, amma ba su sa an karɓe shi ba. Na biyu, a faifansa na 2018 mai suna KOD ya ba da labarin yadda uwarsa ta yi fama da shan giya sa'ad da aurenta na biyu ya lalace, da yadda shi kuma ya riƙa gudun gida don ba ya iya kallonta a wannan hali. Wannan nadama ba ta da farashi. A faifan nan ya jera son kuɗi da neman yabo a waya cikin sahun abubuwan maye, tare da ƙwaya da giya, don dukansu mutum ya kan fake da su ne ya guje wa abin da ke cin ransa. Ya kuma gargaɗi yaran mawaƙa masu tasowa cewa kasuwa ba ta tabbata, su yi tanadi tun ana yayinsu. Mako guda bayan fitar faifan ya zo Ikko ya yi wasa, ya tarad da samarin Nijeriya sun riga sun haddace waƙoƙin, abin ya ba shi mamaki.

Cikin watan Mayu 2021, yana da shekara 36, ya sake yin abin da ya ba mutane mamaki. Ya tafi Kigali ya shiga ƙungiyar Patriots ta Ruwanda a gasar ƙwallon kwando ta Afirka, don tun yana yaro ya ke da wannan buri. Wasansa na farko da Rivers Hoopers ta Fatakwal ne, ya ci maki 3. Wasa uku ya yi, makinsa duka 5. Wani ɗan wasan wata ƙungiyar Maroko ya fito fili ya ce wannan rashin adalci ne, sunansa ne ya ba shi gurbin da wani ya fi shi cancanta. Mu ma mun ga ƙanshin gaskiya a wannan suka. Sai dai ba kowane mai suna ne zai yarda ya koma ƙaramin kowa a fili, duniya tana kallo, ba.

RANAR JARRABAWA

Magana ba ta da wuya, sai ran da a ka ce a biya kuɗinta. Ranar nan ta zo wa Cole cikin 2024. A watan Oktoba 2023 ya yi waƙa tare da Drake, mawaƙin Kanada, inda ya lissafa kansa da Drake da Kendrick Lamar a kan su ne manya uku na wannan zamani. Cikin watan Maris 2024 Kendrick ya mayar da martani cikin wata waƙa, ya nuna shi ba ya da na biyu balle na uku. A al'adar gambara, wanda a ka yi wa haka bai rama ba ya faɗi. Jama'a su ka yi ta zuga, abokai su ka yi ta bugo waya. Ran 5 ga watan Afrilu Cole ya saki waƙar zambo yana kushe ayyukan Kendrick, mutumin da su ka yi shekaru suna abota.

Bayan kwana biyu, ran 7 ga wata, ya hau dandamali a birnin Raleigh, wurin bikin waƙa na Dreamville wanda shi ya kafa, gaban dubban mutanen jiharsa. Maimakon ya ƙara wuta, sai ya ce abin da ya yi kuskure ne, bai fito daga zuciyarsa ba, kwana biyun nan ko barcin kirki bai yi ba. Ya yabi Kendrick, ya ce in ya ga dama ya rama, shi ba zai tanka ba. Cikin 'yan kwanaki ya sa a ka janye waƙar daga inda a ke sauraronta.

Kai, ranar ya sha dariya! Waɗansu su ka ce tsoro ne, faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Waɗansu su ka ce ya zubar da kambin da ya yi shekara goma sha biyar yana nema. Ba kuwa ƙarya su ka yi ba, ya yi hasarar wani abu, gama har gobe in ana lissafin gwanaye za a tuna masa da ranar nan. Amma sai a dubi abin da ya biyo baya. Drake da Kendrick su ka ci gaba, zambo ya bar kan sana'a ya koma kan iyali, a ka shiga jifan juna da munanan zarge-zarge, a ka sa mata da 'ya'ya a ciki, har cikin watan Janairu 2025 magana ta kai kotu, Drake ya kai ƙarar kamfanin faifansa. Masu dogon tunani kuma ba su manta ba da Tupac Shakur da Notorious B.I.G., waɗanda a ka harbe cikin 1996 da 1997 ana tsakiyar irin wannan gaba. Da ƙura ta lafa, da yawa cikin masu dariya su ka komo suna cewa ashe mai janyewa ya fi su hangen nesa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

A nan ne mu ka gaskata cewa maganar da ya yi cikin 2014 ba ta talla ba ce. An ajiye masa suna a hannu ɗaya, barci a ɗaya hannun, ya ɗauki barci.

ABIN DA MU KA GANI

Ba muna cewa mutumin nan waliyyi ne ba. Cikin waƙoƙinsa akwai ashar da kalmomin da ba za mu so 'ya'yanmu su maimaita ba, ya kuma yi kurakuran da shi da kansa ya nemi gafara a kansu. Amma ko a bakin mahaukaci a ka ji gaskiya a kan ɗauka, balle a bakin wanda ya je ya gani.

Yau a garuruwanmu samari da yawa sun kama wannan gambara, waɗansu kuma ba su waƙa amma dare da rana suna ƙidayar masu bin su a waya, in adadi ya hau su yi murna, in ya sauka su kasa cin abinci. Ba mu hana kowa nema ba. Ku nema, ku biya haya, ku rufa wa iyayenku asiri, gama wannan shi ne amfanin dukiya, shi ne kuma abin da Cole ya fara yi da tasa. Abin da mu ke jawo hankalinku a kai shi ne, tun kafin ku samu ku yanka wa kanku iyaka, ku san abin da ba za ku sayar ba ko nawa a ka taya: abokin ƙuruciya, da mutuncin gida, da barcin dare. Wanda bai yanka wannan iyaka tun yana hannu wofi ba, da wuya ya yanka ta ran da 'yan kallo su ka kewaye shi suna tafi, don su 'yan kallo ba ruwansu da wanda ya faɗi, in wasa ya tashi kowa gidansa za shi.

Cole dai ya tafi New York neman abin da zai sa ya ji ya isa, ya yi shekara goma sha ɗaya, sa'an nan ya komo ya hau rufin gidan da ya baro. Allah Ya ba mu abin da za mu iya riƙewa, Ya kuma ba mu zuciyar da za ta san ya isa. Amin.